Naman da Na Ƙi Ci a Ƙasar Sin

Kilishina aka fara ƙwacewa. Ko takalmina bai gama sanin ƙasar Sin ba, wani ɗan kwastan mai safar hannu ya zaro ƙunshin daga ƙasan jakata, ya shinshina, ya ajiye gefe. Na ce masa da Hausa, "Haba bawan Allah, guzurina ne fa." Ya yi murmushi, ya nuna mini ƙofa. Abin da ya rage mini sai ƙuli-ƙuli da ɗan dabino, sai kuma goron neman aure, shi ma don a aljihun babbar riga na tura shi.

A bakin ƙofa na tarar da Nafi'u. Ɗan marigayi yayana ne. Tun yana rarrafe ubansa ya rasu, a hannuna ya tashi, a gonata ta bakin dam ɗin Watari ya koyi dashen shinkafa da tumatir. Karatu ya kai shi Sin, da ya gama ya zauna a birnin Guangzhou yana yi wa 'yan kasuwar Kano lodin kaya. A can ya ga wata yarinya, Amina, 'yar Musulmin ƙasar, ya ce shi fa in ba ita ba sai rijiya. Uban yarinyar kuwa, wani manomi a can arewa maso yammacin ƙasar, ya kafa sharaɗi ɗaya: ba ya ba da 'yarsa ga mutumin da bai ga danginsa ba. In yaron nan yana da manya, to babba ya zo har gida. Ni ne babban da ya rage. Uwar Nafi'u, Yaya Hajara, ta ƙara mini nata aiken: "Isiya, ka buɗe ido ka ga tukunyarsu. Ni ba na son ɗana ya ci abin da ba a yanka ba."

A birnin nan ban ci komai na kirki ba. Ranar farko muka ratsa ta wata kasuwa, na ga kwaɗi a raye cikin daro, na ga wasu abubuwa masu ƙafafu da ban san sunansu ba, kuma ba na son in sani. Daga nan zuciyata ta kulle. Nafi'u ya kai ni wani shagon Musulmi, ya nuna mini rubutun Larabci a saman ƙofa, aka kawo taliya cikin romo da 'yan tsinkaye biyu. Na kama tsinkayen, taliya ta zame, romo ya fallatsar mini a gaban riga. Na ture kwanon na ce na ƙoshi. Na koma masauki na gurguri ƙuli-ƙulina, ina tuna tuwon masarar gidana da miyar kuɓewa ɗanya, har ƙwalla ta zo mini, ni da furfurata.

Sai jirgin ƙasa. Mun yini mun kwana a cikinsa, kullum ana nausawa arewa. Ni manomi ne, ba gini nake kallo ba, gona nake kallo. Da farko shinkafa ce, fadama bayan fadama, ba ko tafin hannu na ƙasa da aka bari a banza. Daga baya kore ya ragu, aka shiga tuddai masu launin ƙasar gini, an yanyanka su hawa-hawa kamar matakala, kowane hawa da shukarsa. Na ga rumfunan leda jere a gindin tudu, na ga wani babban kogi mai ruwan kunu, an ja masa hanyoyin ruwa zuwa gonaki sak irin namu na Watari. Na ce a raina, mutanen nan ko me suke ci, sun san wahalar noma.

A cikin jirgin ne Nafi'u ya matso, yana sosa ƙeya.

"Baffa, akwai wata magana. Su fa mutanen nan, in kun je, za su kawo abinci. Kuma so suke a ci sosai."

Na dube shi sama da ƙasa. "Kai Nafi'u, ni za ka koya wa zuwa neman aure? Na nemo wa mutum nawa aure a Bagwai kafin ka san hannun damanka? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Rufe mini baki."

Ya rufe. Haka na tarbiyyantar da shi, ba ya ja da ni.

Wata tsohuwa ce a kujerar da ke kallonmu, ƙarama, bayanta ya ɗan ranƙwafa. Tun da muka shiga take kallona. Can ta miƙo yatsa ta goga a bayan hannuna, ta duba yatsan, ta ƙyalƙyale da dariya. Da a gida ne da na ji haushi, amma dariyar ba ta raini ba ce. Ta ga ba na cin komai, sai ta kwance wani tsumma ta fito da dankalin Hausa gasasshe, ta raba biyu ta miƙo mini rabi. Wallahi irin namu ne, har ƙaurin. Na ci ina kallon taga don kada ta ga idona. Da za ta sauka ta cika mini kofi da ruwan zafi, ta dafa kafaɗata, ta tafi. Ban san sunanta ba, amma har yau ina sa ta a addu'a Allah ya shirye ta.

Mugu ma bai rasu a can ba. Da muka sauka, wani direba ya rantse ya san ƙauyen, ya karɓi kuɗinsa tun a tasha, ya kai mu wata mararraba ya ce hanya ta ƙare, ƙauyen yana bayan tudun nan. Ashe ƙarya yake. Muka hau tudu muka sauka, muka hau wani, jaka a ka, sanyi yana shiga mini ta ƙasan riga, cikina babu komai sai rabin dankalin jiya. Na zagi direban nan da Hausa har sai da Nafi'u ya yi dariya. Wani mai ɗan keken ɗaukar masara ne ya tausaya mana, muka zauna a kan buhuna har ƙofar gari.

Ƙauyen ya kwantar mini da hankali tun daga nesa. Zangarniyar masara an rataye a jikin katangu, tumaki a garke, dattawa da farar hula da gemu suna fitowa daga masallaci. Ɗaya daga cikinsu ya taho da sauri ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Assalamu alaikum." Bayan kwanakin da na yi ba na gane ko kalma ɗaya, sai na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji. Shi ne uban Amina. Yana da wani sunan nasu da ya ƙi zama a bakina, amma sunan yankansa Yusufu, ni kuwa na ce Malam Yusufu.

Aka shigar da mu ɗaki, aka zaunar da mu a kan wani dakali mai faɗi da ake hura wuta a ƙarƙashinsa, ɗumi yana ratsa mutum tun daga ƙasa. Aka ajiye ɗan gajeren tebur a gabanmu, aka kawo shayi a kofi mai murfi, da magarya a ciki, kowacce ta kai girman dabino. Aka kawo wani abu kamar fanke mai faɗi, da soyayyar taliya a murɗe. Sannan aka shigo da faranti, haƙarƙarin rago dafaffe, tururi na tashi, kitse na ƙyalli, ga gishiri da tafarnuwa a gefe. Nafi'u ya raɗa mini cewa ragon da Malam Yusufu ya fi ji da shi ne, limamin gari aka kira ya yanka saboda mu. Kuma da hannu ake ci, babu tsinke.

Jama'a, hanjina ya yi kuka har sai da na yi gyaran murya don in rufe. Amma ni ɗan Bagwai ne. A wurinmu wa ya taɓa zuwa neman aure ya naɗe hannun riga ya hau nama a gaban surukai? Ai sai a yi da kai a gari har jikokinka: ga zuriyar mayunwata can. In an kawo, ka taɓa ruwa, ka yi godiya, ka kau da kai. Ga shi kuma mai gidan bai fita ya ba mu wuri ba, yana tsaye a kanmu da butar shayi, 'yan uwansa sun cika ƙofa, kowa ya zuba mana ido.

Na kurɓi shayi, na mayar da murfi, na dafa ƙirji na ce, "Alhamdu lillahi. Gaya musu mun gode, a ƙoshe muke."

Nafi'u ya zaro ido. "Baffa, don Allah ko tsoka ɗaya..."

Na ga hannunsa ya nufi farantin. Na murɗe masa cinya ta ƙarƙashin tebur. "Kai! A gidan surukanka? Haka na koya maka?"

Ya janye hannu. Malam Yusufu ya zaɓi tsokar da ta fi kowacce, ya ajiye a gabana. Na tura ta baya a hankali, cikin ladabi, ina murmushi. Ya sake turowa, na sake mayarwa. Ni a zuciyata ina cewa, yau mutanen nan za su san yaronmu daga gidan mutunci ya fito. Sai na ga murmushin tsohon ya ɗauke. Ya ajiye buta, ya yi wata gajeriyar magana, aka kwashe abincin. Na fito da goro zan buɗe zancen da ya kawo mu, ya ɗaga hannu, ya fita.

Abin da ya ƙarasa ɓata lamarin ya faru bayan la'asar. Yunwa ta ci ƙarfina, na zaga bayan garken tumaki na tsuguna, na fito da ɓarɓashin ƙuli-ƙuli ina watsawa a baki. Ina ɗaga kai sai ga uwar Amina da bokitin dusa. Ta dubi ledar hannuna, ta dube ni, ta juya ta tafi.

Aka kai mu wani ɗaki a jikin masallaci. Nafi'u ya fita, ya daɗe, ya dawo ya zauna a bakin ƙofa ya haɗa kai da gwiwa.

Na ce, "Me ya faru? Ka ga yadda na fitar da kai kunya?"

Ya ɗago, idonsa jawur. "Baffa, kun kashe ni."

Tun da na raine shi bai taɓa gaya mini magana irin wannan ba. Ya ce Amina ta aiko masa tana kuka. Ubanta ya ce su tun kaka da kakanni suna zaune a tsakiyar masu cin alade, ba abin da suka tsare irin tukunyarsu. Ba sa cin abincin maƙwabci, ba sa aron tukunya, in za su yi tafiya da kwanonsu suke tafiya. An yi musu gori a kan haka, sun jure. Yau ga Musulmi ɗan uwansu ya taso daga wata duniya, ya ƙi taɓa yankansu, ya koma bayan garke yana cin nasa. Ashe bai yarda su Musulmi ba ne. Wanda yake ƙyamar tukunyarka kuwa, yaya za ka ba shi 'yarka? Gobe za a nemo mana mota.

Na fara da faɗa, don halina ne. Na ce ni girmama su na yi, in ba su san girma ba su suka sani. Nafi'u hawaye kawai yake. Sai jikina ya yi sanyi. Garin neman gira na rasa ido. Na karɓi wayarsa na kira gida, Yaya Hajara ta ɗauka. Ta saurara har na gama, sannan ta ce:

"Isiya, amma kai dai an yi sakaran ƙanin miji. Na aike ka ka ga tukunya, an kawo maka tukunya har gabanka, ka rufe ido? In ka je gari ka ga kowa da jela, ba sai ka nemi taka ka ɗaura ba? Wallahi in ka dawo mini da yaro da karyayyar zuciya, kai da cin tuwona har abada."

Da asuba na bi sahu a masallaci. Malam Yusufu yana sahun gaba, da aka sallame ya fita bai dube ni ba. Gari ya waye ban san abin yi ba. Ba ni da bakin ba da haƙuri, Nafi'u kuma ya ce tsohon ya hana a zo masa da magana. Na saɓa riga na bi wata 'yar hanya da ta hau tudu, don zaman ɗakin ya ishe ni.

A can sama na hango Malam Yusufu shi kaɗai a gona, yana tonon dankalin Turawa. Ya tsufa, in ya sara sau biyu sai ya dafa ƙugu. Ni kuwa ban iya tsayawa ina kallon mutum yana aiki ba, ko maƙiyina ne. Na yi sallama, ya amsa a ciki-ciki. Na tuɓe babbar riga na rataye a kan iyakar gona, na ɗauki wata fartanya da ke yashe, na kama kunya ta kusa da tasa. Ƙasar tana da laushi kamar gari. Ya dube ni ta gefen ido, bai hana ni ba. Muka yi ta yi, shi yana tono ina tono, mu tara, mu zuba a buhu. Da rana ta ɗaga sai na ji jiri yana ɗibata, na dafa ƙotar fartanya na tsaya.

Ya lura. Ya ajiye aiki, ya tattaro busassun hogen ƙasa ya jera su kamar ƙaramin rumbu, ya hura wuta a ciki da karan masara har suka yi ja. Ya zuba dankali, ya rushe rumbun a kai, ya rufe da ƙasa. Dariya ta kusa kama ni, don haka muke yi wa rogo a gona muna yara. Da ya nuna ya tono ɗaya, ya karkaɗe toka, ya riƙe a hannu bai miƙo ba. Ya dube ni cikin ido, ya nuna dankalin, ya ce, "Halal."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na karɓa da hannu biyu, na ɗaga murya na ce, "Bismillahi." Ai abincin gona ba shi da suruki, ko a wurinmu ranar gayya kowa hannu yake sawa. Na ci ɗaya yana ƙona mini baki, na ci na biyu, na ci na uku. Ana haka sai ga uwar Amina ta hawo da kwando, abincin mijinta ta kawo: fanken nan, da sauran naman jiya. Ta gan ni ta tsaya turus. Ban jira an ce mini komai ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na miƙa hannu cikin kwandon na zaro haƙarƙari, na dangwala gishiri, na kai baki. Wallahi tallahi tun da uwata ta haife ni ban ci nama mai daɗin wannan ba, ba ƙarni ko kaɗan, yana narkewa a harshe. Na gwigwiyi ƙashi, na tsotse ɓargo, maiƙo har gemu. Matar ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa. Malam Yusufu ya daure, ya daure, sai ya fashe da dariya har hularsa ta faɗi.

A haka Nafi'u ya same mu, ya hawo tudu da gudu yana nemana. Na ce, "Zo nan, ka fassara, kuma kada ka rage ko kalma." Na gaya wa tsohon yadda muke yi a Bagwai: wanda kake jin nauyinsa ba ka iya tauna a gabansa, kuma a wurinmu mai gida ajiye abinci yake ya fita ya ba baƙo wuri. Na ce jiya yunwa ta kusa kayar da ni, girmansa ne ya riƙe mini hannu. Ya shafa gemu. Sannan ya ce a gaya mini su kuma a wurinsu mai gida ba ya zama, ba ya fita, tsayawa yake a kan baƙo har ya ga ya ƙoshi, in baƙo bai ci ba gidan ya tozarta. Ya ƙara da wata magana da ta sa Nafi'u ya sunkuyar da kai yana murmushi. Na ce me ya ce? Ya ce, "Wai ku da shi duk tsofaffin banza ne, kun kusa raba yara saboda ladabi."

Da azahar aka sake zaunar da mu a kan dakalin nan mai ɗumi. Aka shigo da faranti, an dafa sabon nama. Malam Yusufu ya ajiye a gabana da kansa, ya kori 'yan uwansa daga ƙofa, sannan ya juya ya ba ni baya, ya fuskanci bango, ya tsaya. Fita ba zai iya ba, al'adarsu ta hana, kallona kuma ba zai yi ba, don tawa ta hana. Na dubi bayan tsohon nan, rigarsa duk ƙurar gona, sai na ji idona ya cika. Na sauko daga dakalin, na kama hannun rigarsa, na jawo shi na zaunar kusa da ni. Na zaɓi tsoka mai kyau na sa masa a hannu, shi ma ya zaɓa ya sa mini. Nafi'u ya tsaya yana rarraba ido, na ce, "Kai kuma me kake jira? Ci, ubanka ya ce ka ci."

Bayan an wanke hannu na fito da goro. Ya gutsira, ya yamutsa fuska, ya haɗiye da ƙyar, ya ce ya ba Nafi'u Amina. Na sauke wata ajiyar zuciya da ban san tun yaushe nake riƙe da ita ba.

Ranar da na dawo Bagwai, ko jaka ban ajiye ba Yaya Hajara ta tare ni a zaure. "To, ka ga tukunyar?" Na ce, "Na gani, na ci, na suɗe. Ta fi taki tsarki." Ta kai mini duka da mafici tana dariya tana hawaye.

Malam Yusufu ya ce in an kwashe amfanin gona zai zo ya ga inda 'yarsa za ta riƙa zuwa. Na ware masa rago tun yanzu, yana nan ɗaure a gindin darbejiya yana cin harawa. Kuma na riga na gaya wa mutanen gidanmu da dattawan unguwa: ranar da surukina ya sauka, ba mai ajiye masa kwano ya fita. Ni da shi kwano ɗaya za mu ci, a ƙofar gida, a gaban kowa. Mai son yin surutu ya fara tun yau.